Motar da ke jan ciki a kan hanyar da aka gina don dawaki

A kowace shekara, idan watan Mayu ya kusa ƙarewa ko kuwa Yuni ya kama, hukumomin hanyoyi na arewacin ƙasar Italiya sukan ba da sanarwar cewa an gama kwashe dusar ƙanƙara daga mashigin Stelvio, an kuma buɗe shi ga masu ababen hawa. Daga ranar nan har zuwa wajen ƙarshen Oktoba, ko farkon Nuwamba idan sanyi ya yi jinkiri, hanyar ba ta rabuwa da baƙi. Wannan shi ne lokacin zafi na ƙasashen Turai, sa'ad da makarantu ke hutu, ma'aikata kuma ke ɗaukar hutunsu na shekara, watau daidai lokacin da ake tsakiyar damina a nan Nijeriya.

Cikin baƙin nan akwai masu kekuna, da masu babura, da motocin safa cike da 'yan yawon buɗe ido. Amma waɗanda suka fi jan hankali su ne masu motocin gudu irin waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, waɗanda kan taso tun daga Jamus da Holan da Ingila, su yi tafiyar yini ɗaya ko biyu, ba don kome ba sai don su hau dutsen nan su sauka. Wasu daga cikin motocin haka aka ƙera su tun daga kamfani. Wasu kuwa masu su ne suka kai su wurin makaniki aka rage musu tsayi, don su ƙara kyau a ido, su kuma ƙara kama hanya.

Abin da da yawansu ba su lura da shi ba sai sun isa shi ne, motar da suke ciki an tsara ta ne don shimfiɗaɗɗen titi mai santsi kamar faranti, ita kuwa hanyar da za su hau an gina ta ne shekaru ɗari biyu da suka wuce don dawaki masu jan karusa. Haɗuwar waɗannan biyu takan ci kuɗi a wajen hawa, takan kuma nemi cin rai a wajen sauka.

HANYAR DA ASALINTA

Mashigin Stelvio yana cikin jerin duwatsun Alps, kusa da iyakar Italiya da Suwizalan, tsayinsa kuwa mita 2,757 ne daga doron teku. Don mai karatu ya gane girman wannan adadi, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk Nijeriya, mita 2,419 ne. Watau motar da ta isa ƙolin Stelvio ta wuce kan dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan da fiye da mita 300, alhali tayoyinta ba su bar kwalta ba. Garin Bormio da ke gindin dutsen ta fuskar kudu, inda ake fara hawa, shi kansa yana kan tsayin da ya yi daidai da na birnin Jos.

Ba don shaƙatawa aka gina hanyar ba. Bayan an gama yaƙe-yaƙen Napoleon, taron da manyan ƙasashen Turai suka yi a Viyana ya miƙa lardin Lombardi, inda birnin Milan yake, ga Daular Ostiriya a cikin 1815. Sarkin daular, Franz na Ɗaya, yana bukatar hanyar da sojojinsa da wasiƙunsa za su bi daga Tirol zuwa Milan ba tare da sun ratsa ta Suwizalan ba. Aka ɗora aikin a kan wani injiniya mutumin Brescia, Carlo Donegani, aka fara a 1820 aka gama a 1825. Duk wanda ya ga wurin ya kuma tuna cewa da hannu da diga da albarushi aka yi aikin, a ƙasar da ƙanƙara ke hana aiki fiye da rabin shekara, zai yi mamakin shekara biyar ɗin nan.

Sharaɗin da ke gaban Donegani shi ne hanyar ta kasance yadda doki mai jan kaya zai iya hawanta ba tare da ya durƙushe ba. Saboda haka maimakon ya miƙar da ita, sai ya riƙa naɗe ta a jikin dutse, ta je ta dawo kamar ƙoshiyar masaƙi. A fuskar arewa maso gabas, daga ƙauyen Prad zuwa ƙoli, tafiyar kilomita 24 ce da 'yan kai, ana hawan kimanin mita 1,800, akwai kuma lanƙwasa 48, watau abin da direbobi ke kira kwana, kowace da lambarta a gefen hanya. Ana ƙirga su ne daga 48 a ƙasa zuwa 1 a sama. Ba irin kwanar da aka saba ba ce. Mota takan juyo ne gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito. Ta fuskar Bormio kuma akwai wasu kamar 40, ga ramuka da aka huda cikin dutse waɗanda da ƙyar mota biyu ke giftawa a cikinsu.

Ostiriya ta rasa Lombardi a 1859, sai ƙolin mashigin ya zama iyakar ƙasa, har aka gwabza faɗa a kan ƙanƙarar duwatsun da ke kewaye da shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin, yarjejeniyar 1919 ta mayar da ɓangarorin biyu duka ƙarƙashin Italiya. An zuba kwalta, an ƙara faɗin wasu wurare, amma tsarin hanyar bai sake ba daga yadda Donegani ya zana shi.

Sunan Stelvio ya daɗe a bakin masu tseren keke, tun 1953 da Fausto Coppi ya ƙwace gaba a kansa a gasar zagaya Italiya. Amma abin da ya kwararo masu motocin gudu a 'yan shekarun nan shi ne shirin talabijin na BBC mai suna Top Gear, wanda a 2007 ya kai Porsche da Lamborghini da Aston Martin yankin, ya kuma bayyana hanyar da cewa babu kamarta a duniya wajen daɗin tuƙi. Bayan shekara biyu, a 2009, masu shirin suka sake shawara suka ba hanyar Transfagarasan ta ƙasar Romaniya wannan matsayi. Sai dai kafin nan magana ta riga ta bazu.

ME YA SA AKE RAGE TSAYIN MOTA?

Ba wauta ba ce zalla, akwai hujjar ilmi a bayanta. Duk abin da nauyinsa ya taru a ƙasa ya fi wuyar kifewa, shi ya sa tukunya ta fi tulu zama daram. Idan mota ta shiga kwana da gudu, nauyinta yakan rinjaya zuwa waje, tayoyin ciki su yi sakayau. Gwargwadon kusancin jikin motar da ƙasa, gwargwadon raguwar wannan rinjaye, tayoyi huɗun kuma su ci gaba da riƙe kwalta tare. Ban da wannan, idan iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota ta ragu ko aka sarrafa ta, motar ba ta neman ɗagawa a babban gudu. Masu tsere sun daɗe da sanin haka. Motar Ford GT40, wadda ta ci gasar awa 24 ta Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, ta samo lambar 40 ɗin ne daga tsayinta, inci 40 daga ƙasa zuwa rufi, watau bai wuce ƙugun mutum da yawa ba. A 1978 kuma kamfanin Lotus ya ci gasar duniya da motar da aka tsara cikinta yadda iska ke tsotso ta zuwa ƙasa.

Amma duk wannan a filin tsere ne, inda ake share kwalta kafin a fara, babu tudu babu rami. Motar gida ta yau da kullum takan bar ratar santimita 14 zuwa 16 tsakanin cikinta da ƙasa. Motar gudu daga kamfani takan bar kamar 10 zuwa 12. Wanda ya sa aka canja masa sifirin yakan ƙara rage santimita 3 ko 4 a kan wannan, har a wayi gari tafin hannu a tsaye ba ya shiga ƙarƙashin leɓen da ke kasan bambar gaba. To, sai kuma a cika tanki, mutum biyu su shiga, a loda jakunkunan tafiyar mako guda, motar ta ƙara nutsewa.

Masu hali sukan sayi sifirin da shokazoba waɗanda aka ƙera su tare, har ana iya murɗa su a ɗaga motar kafin doguwar tafiya. Wasu sukan sa na iska, wanda ake hurawa a sace da maɓalli. Marasa hali kuwa, ko marasa haƙuri, sukan sa a datse sifirin na asali da abin yankan ƙarfe, wanda shi ne mafi muni, domin motar takan rasa wurin lotsawa, duk ɗan tudun da ta taka sai ta yi tsalle, taya kuwa idan tana sama ba ta birki ba ta juyawa. Kamfanonin da ke ƙera motocin gudu su kansu sun san matsalar. Porsche da Ferrari da Lamborghini duk suna sayar da na'urar da ke ɗaga hancin mota da santimita 3 zuwa 4 idan ana tafiya a hankali, ta kuma sauke shi da kanta idan gudu ya ƙaru. Abin lura ne a ce mutum ya biya kuɗi an ƙasƙantar da mota, sa'an nan ya sake biyan wasu don a ɗaga ta.

Waɗanda suka san Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta ci gasar Safari ta Kenya, sun san kishiyar wannan tunani: ciki a ɗage, sifirin mai dogon lotsawa, don hanya ta yi abin da ta ga dama.

INDA LEƁE KE GOGAR ƘASA

Daga Prad zuwa ƙauyen Trafoi hanyar tana bin gefen rafi a cikin kurmi, babu wata wahala. Sai an wuce nan ne lanƙwasar ke fara matsowa kusa da juna, daga wajen masaukin Franzenshöhe kuwa, inda itatuwa suka ƙare, direba yakan ɗaga kai ya ga sauran hanyar a jere bisa kansa kamar matakala, kowace lanƙwasa a ɗore kan katangar dutse.

Matsakaicin hawan hanyar bai wuce mita 7 da 'yan kai a cikin kowace mita 100 ba, wanda ba wani abin tsoro ba ne ga injin zamani. Matsalar tana cikin kwanar ne. Gefen ciki da gefen waje duk tsayi ɗaya suke hawa, amma na ciki gajere ne ƙwarai, saboda haka ya fi tsini nesa ba kusa ba. Karusa mai manyan ƙafafu da ciki a sama, tana tafiyar doki, ba ruwanta da wannan. Motar da ke da dogon hanci a gaban tayoyinta kuwa, leɓenta yakan isa tudun kafin tayoyin su fara hawansa, sai a ji ƙarar goga. Idan ta yi sa'a fenti ne kawai ya tafi. Idan ba ta yi ba, leɓen ya tsage, kuma a wasu motocin kuɗin wannan ɓallin kaɗai ya isa sayen tsohuwar mota mai lafiya. Mafi muni shi ne a fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, ko a tumɓuke salansa, domin a nan tafiya ta ƙare, man da ya zube kuma ya zama tarko ga mai babur da ke biye.

Dabarar da masu irin waɗannan motoci suka sani ita ce a buɗe kwana, a shige ta a karkace, yadda taya ɗaya za ta riga ɗaya hawa. Dabara ce mai aiki a ƙofar gareji. A kan Stelvio kuwa, tun da ana tuƙi ne ta hannun dama, buɗe kwanar da ta juya dama yana nufin shiga hannun masu saukowa, a wurin da katanga ta tare ido. Mai saukowar nan yana iya zama mai keke da ke gangarowa da gudu, ko ayarin babura, ko motar safa wadda ita ma sai ta cinye faɗin hanyar duka kafin ta juya. A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago: don a tsirar da ɓallin roba, a jefa ran wani cikin haɗari. Direbobin da suka san hanyar sukan leƙa sama tun kafin su isa kwanar, su ga abin da ke tafe a hawa na gaba, idan da mai zuwa su tsaya su jira.

Dokar Italiya da ta Suwizalan duk sun ce idan aka yi kiciɓis a ƙuntataccen wuri a kan dutse, mai saukowa ne zai fara tsayawa ya ba mai hawa hanya. Motocin safa na gidan wayar Suwizalan, masu ruwan ɗorawa, waɗanda su ma sukan bi ta nan a lokacin zafi, suna da ham mai murya uku da aka ɗauko daga wani kiɗan Rossini, wanda ake ji tun daga nesa. Duk wanda ya ji shi ya san abin da ya kamace shi, kome tsadar motarsa.

Akwai kuma 'yan tsakuwoyi da ɓaraguzan dutse da ke gangarowa kan kwalta, musamman bayan ruwan sama. Tayar motar gudu siririya ce a gefe, babu isasshen roba tsakanin wili da ƙasa, dutse mai kaifi ɗaya ya isa ya yanka ta. Galibin motocin nan ba su da safaya, sai ɗan gwangwanin ruwan liƙi, wanda ba ya maganin yanka a gefen taya. Mai motar sai ya zauna jiran motar janwe, ita ma ba kowace ba, sai mai shimfiɗaɗɗen baya wadda za a iya hawar da motar a kanta ba tare da an ƙarasa leɓen ba.

ISKA DA SANYI

Inji yana shaƙar iska kamar mutum, iskar ƙolin Stelvio kuwa ta gaza ta bakin teku kauri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Injin da ba shi da turbo yakan rasa ƙarfinsa gwargwadon haka, watau mai ƙarfin doki 400 ya koma kamar 300. Mai turbo ya fi jurewa, domin na'urar tana matsa iska cikin injin, amma ita ma aiki ya ƙaru mata. Ga shi kuma ana tafiya ne a giya ta ɗaya da ta biyu, a bayan safa, iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce, saboda haka zafin inji ya fi hauhawa a nan bisa kan babban titi.

A waje kuwa sanyi ne ke ƙaruwa. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, don haka wanda ya bar Prad da 'yar shara zai isa ƙoli yana neman rigar sanyi. Dusar ƙanƙara takan sauka a nan ko a watan Yuli ko Agusta, har ma ana wasan zamiya a kan ƙanƙarar da ke bisa mashigin a tsakiyar lokacin zafi. Tayoyin da aka yi don zafi sukan taurare idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, riƙonsu ya ragu, direban kuwa ba ya sani sai ya taka birki.

SAUKA TA FI HAWA

A ƙoli akwai otal-otal da rumfunan tsaraba da masu gasa tsiran alade, a nan ake tsayawa a ɗauki hoto a yi murna an iso. Amma rabin da ya fi haɗari yana gaba.

Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗalibin kimiyya na sakandare zai iya yinsa. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan ta sauko mita 1,800, dole ta zubar da ƙarfin da ya isa ya tafasa ruwa kimanin lita 80. Wannan daidai yake da a ce motar ta tsaya cak daga gudun kilomita 100 a awa sau 45 a jere. Iska da gogar taya sukan ɗauke wani kaso, sauran kuwa ko dai inji ya shanye shi, ko kuma ya zama zafi a jikin birki. Birki ba ya yin kome illa mayar da gudu zuwa zafi, kuma akwai iyakar zafin da zai iya ɗauka.

Idan aka wuce iyakar, abu biyu kan faru. Na farko, fatar birkin takan ƙone ta yi santsi, a taka da ƙarfi amma motar ba ta rage gudu yadda ya kamata. Hanci yakan riga ƙafa sani, domin ƙauri ke fara tashi. Na biyu ya fi tsanani. Man birki irin wanda aka fi amfani da shi, mai lamba DOT 4, ƙa'idarsa ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 idan sabo ne. Amma man yana tsotsar laima daga iska a hankali, idan ya tsufa yana iya tafasa a digiri 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, tururi kuwa yana matsuwa, ba kamar mai ba, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu kome. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canja man nan duk shekara biyu, shawarar da ba kasafai ake bi ba, tun da mai ne da ba a ganin ya ƙare.

Mai motar gudu yakan ɗauka cewa wannan ba matsalarsa ba ce, tun da birkinsa manya ne, an kuma yi su don tsere. Lalle sun fi na motar gida jurewa. Sai dai a filin tsere, tsakanin kwana da kwana akwai miƙaƙƙiyar hanya inda iska mai ƙarfi ke busa birkin ya huce. A gangaren Stelvio babu wannan: ɗan gudu kaɗan, sai birki, sai kwana, sai a sake, har sau 48. Wanda kuma ya rage tsayin motarsa ya ƙara mata ƙarfin inji amma ya bar birkin da man da ta zo da su, shi ya fi kowa kusa da bakin rami.

Maganin tsoho ne, tun zamanin kakanni, kuma bai sake ba: a sauka da giyar da aka hau da ita. Idan aka sa giya ta biyu aka ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa yake riƙe motar, zafin kuma ya fita ta lagireto da salansa maimakon birki. Idan za a taka birki a taka shi sosai na ɗan lokaci a saki, kada a ɗora ƙafa a kai ana ja. Idan ƙauri ya tashi a nemi wuri a tsaya, kada kuma a watsa wa ƙarfen ruwa, domin yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Mai motar da ke canja giya da kanta shi ma yana da hanyar riƙe ta a ƙaramar giya, sai dai da yawa ba su taɓa gwadawa ba. Direbobin manyan motoci da ke saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ba su bukatar a karanta musu wannan darasi, domin sun ga abin da kan sami wanda ya saki giya ya dogara da birki, ko kuwa ya kashe inji don tsimin mai. Dokar zafi ɗaya ce a Filato da Alps.

HUKUMA DA MUTANEN GARI

Kafin motar ta isa dutsen ma akwai batun takarda. A Jamus, duk wanda ya canja sifirin motarsa dole kayan su kasance masu izini, a mafi yawan lokuta kuma sai masu binciken lafiyar motoci irin su TÜV sun duba sun amince. In ba haka ba izinin hawa titi na motar yana iya faɗuwa, kamfanin inshora kuma ya sami abin kamawa ranar da aka yi haɗari. Gudu ma haka. Iyakar da doka ta sa a irin waɗannan hanyoyi ita ce kilomita 90 a awa a Italiya, 80 a Suwizalan, wadda ake shiga ta mashigin Umbrail, 'yar tafiya kaɗan ƙasa da ƙolin Stelvio. Tun 2013 Suwizalan ta tsananta hukuncin tuƙin ganganci, har da ɗauri da ƙwace mota, Ostiriya ma ta fara ƙwace motocin masu wuce iyaka ƙwarai a watan Maris na 2024.

Hanyar tana ratsa gandun da aka keɓe don kare namun daji da tsirrai tun 1935, a gefenta kuma akwai ƙauyuka da mutane ke kwana suna tashi. Kwarin dutse yana mayar da amsa kuwa, ƙarar salansa ɗaya da aka buɗe takan cika shi tun da asuba. Mutanen ba su ƙin baƙi, tun da otal-otal da gidajen abincinsu da baƙin suke ci, lokacin cinikin kuma 'yan watanni ne. Amma haƙurinsu yana raguwa, hukumomin yankin Alps kuma sun fara gwada matakai. A 2017 an rufe mashigin Sella ga motoci da babura masu amfani da mai kowace Laraba a watannin Yuli da Agusta. A 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana baburan da ƙararsu ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyinta a lokacin zafi. An sha yin maganar sa kuɗin shiga a Stelvio, kamar yadda ake biya a hanyar Grossglockner ta Ostiriya wadda aka buɗe a 1935. Sau ɗaya a shekara kuma, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, akan rufe Stelvio ga duk mai inji a bar wa masu keke, su hau da dubbansu.

Da tsakar rana a watan Agusta, motar da za ta iya gudun kilomita 300 a awa takan yi hawan nan ne a bayan motar iyali mai ɗaki a ciki, tana tafiyar da mai keke mai ƙarfi zai iya bin ta. Waɗanda suka san kan abin sukan kwana a Trafoi ko Bormio, su ɗaga motar da santimita biyu ko uku tun daga gida, su canja man birki, su rage kaya, su fita da hudowar rana a tsakiyar mako. Kamfanin Alfa Romeo kuwa, da ya tashi raɗa wa wata motarsa sunan Stelvio a 2016, ba 'yar gajerar motar gudu ya zaɓa ba, doguwa ce mai ciki a ɗage.

Idan sanyi ya shigo aka rufe hanyar, ruwan da ya shiga tsagogin kwalta yakan daskare ya kumbura, ya ɗaga nan ya farfasa can, na tsawon wata shida ko bakwai. Ma'aikatan da ke kwashe ƙanƙara a watan Mayu su ne kuma ke bin ramukan suna cikewa, don haka kwanar da leɓen mota ya wuce lafiya bara ba lalle ne ya wuce ta bana ba.